FITILUN DA KE RIKITA MAYAƘAN SAMA

Daga Wakilinmu

Ran Laraba 7 ga watan Janairu na shekarar 1948, bayan azahar kaɗan, 'yan sandan Jihar Kentaki ta ƙasar Amurka suka buga waya zuwa filin jiragen saman soja na Godman, kusa da barikin Fort Knox, suka ce jama'a daga garuruwa dabam-dabam suna ta kawo musu labarin wani farin abu mai kewaye wanda yake tafe a sararin sama. Ma'aikatan hasumiyar filin suka leƙa, su ma suka gan shi, har da kwamandansu. Suka ɗauko madubin hangen nesa suka yi ta dubawa, amma babu wanda ya iya faɗin ko mene ne.

Ana cikin haka sai ga jiragen yaƙi 4 samfurin Mustang sun biyo ta wurin, suna komawa gida daga Jihar Jojiya. Shugaban tawagar shi ne Kyaftin Thomas Mantell, magidanci mai shekara 25 da haihuwa, wanda ya riga ya ga wuta a Yaƙin Duniya na Biyu har ya sami lambar jarunta. Hasumiya ta roƙe shi ya je ya dubo musu abin. Jirgi ɗaya ya wuce saboda mansa ya yi ƙasa, sauran 3 suka kama hawa. Da suka kai wajen ƙafa 22,500 sai abokan tafiyarsa biyu suka juyo, domin a can iskar shaƙa takan yi ƙaranci, dole sai da ta gwangwani. Mantell ba shi da ita a jirginsa, amma ya ci gaba. Ma'aikatan hasumiyar sun ce ya shaida musu cewa yana hangen abin a gabansa, da alama na ƙarfe ne, kuma ƙato ne ƙwarai.

Daga nan ba a sake jin muryarsa sosai ba. Masu bincike sun ce ya suma ne a wajen ƙafa 25,000, jirgin ya juyo da kansa yana wulwulawa, ya faɗo a wata gona kusa da garin Franklin. Agogon hannunsa ya tsaya a kan ƙarfe 3 da minti 18.

Da farko hukumar mayaƙan sama ta ce tauraruwar nan Zara ce ya bi, wadda mu Hausawa muke kira matar wata. Jama'a ba su gamsu ba, domin kuwa tsakar rana ce. Sai a shekarar 1952, sa'ad da Kyaftin Edward Ruppelt ya sake buɗe takardun, aka koma kan abin da ya fi kama hankali, watau wata ƙatuwar balan-balan ta leda mai ƙyalli, daga cikin waɗanda mayaƙan ruwan Amurka suke sakewa a asirce domin binciken sararin sama, a ƙarƙashin wani shiri mai suna Skyhook. Irin waɗannan balan-balan suna hawa nesa da inda kowane jirgin yaƙi na lokacin zai iya kaiwa. Har ma wani masanin taurari na Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville ya hango abin a ranar, ya ce balan-balan ce da igiyoyi suna reto a ƙarƙashinta. Ashe, idan haka ne, Mantell ya ba da ransa wajen bin kayan gwamnatin ƙasarsa, wanda wani sashen soja ya ɓoye wa wani.

Labarin Mantell ya tattara kusan dukan abin da ke cikin wannan al'amari na abubuwan da ake gani suna shawagi a sama ba a san ko mene ne ba, waɗanda Turawa suke taƙaita sunansu da haruffa uku, UFO. Mutumin kirki ne, ƙwararre, ya ga abu na gaskiya, bai yi ƙarya ba, amma fassarar da ya yi wa abin da ya gani ita ce ta kuskure.

ASALIN MAGANAR

Mayaƙan sama sun fara kawo irin wannan rahoto da yawa tun ƙarshen shekarar 1944. Matuƙan wata rundunar Amurka mai farautar jiragen abokan gaba da dare, mai lamba 415, suna shawagi a kwarin kogin Rayin, kan iyakar Faransa da Jamus, sai suka riƙa ganin wasu dunƙulallun fitilu, ja ko ruwan goro, suna bin fikafikan jiragensu. Sun ce in sun karkata fitilun su karkata, in sun ƙara wuta su ma su ƙara, sa'an nan su ɓace. Ba su taɓa harbin kowa ba. Aka ɗauka wani sabon makamin Hitila ne, amma da yaƙi ya ƙare aka bincike ma'ajiyar makaman Jamus ba a sami wani abu mai kama da haka ba.

Bayan shekara 3, ran 24 ga watan Yuni na 1947, wani ɗan kasuwa mai tuƙa ƙaramin jirginsa, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa 9 masu ƙyalli suna gudu a jere kusa da dutsen Rainier a Jihar Washington. Ya kwatanta tafiyarsu da ta ɗan farantin shayi idan an wurga shi a kan ruwa yana tsalle. 'Yan jarida suka kama wannan kalma, suka ce faranti mai tashi, watau abin da mu za mu ce faifan sama. Tun daga ranar, duk wanda ya ga wani abu a sama sai ya ce faifai ya gani.

INDA IDO BAI SAN KIMA BA

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan gaskiya ce a kasuwa, inda akwai buhu da kwano da mutum a tsaye waɗanda ido zai gwada da su. A sararin sama kuwa, musamman da dare, babu itace, babu gida, babu tudu. Haske ɗaya tak a cikin duhu ba ya gaya wa mutum nisansa, wanda kuwa bai san nisan abu ba, ba zai san girmansa ko gudunsa ba. Duk wanda ya riƙe kwabo a tsawon hannunsa ya dubi wata ran sha huɗu, zai ga kwabon ya rufe watan ɗungum.

Akwai kuma wani ruɗin da mai karatu zai iya jarrabawa a ɗakinsa. A kunna turaren sauro, a kashe fitila, a ƙura wa garwashin ido na ɗan lokaci. Ba za a daɗe ba sai a ga kamar yana motsi, yana yin hagu da dama, alhali kuwa yana nan inda aka ajiye shi. 'Yan ƙananan motsin ƙwayar ido ne ƙwaƙwalwa take ɗora wa hasken, tun da ba ta da wani abu tsayayye da za ta gwada da shi. Saboda haka ne a makarantun tuƙin jirgi ake koya wa ɗalibai kada su kafa wa haske ɗaya ido da dare.

Na uku shi ne abin da kowane yaro ya sani idan aka sa shi a mota da dare, ya ce wata yana bin su. Abin da ke nesa ƙwarai, kamar Zara ko Mushtari, ba ya sake wuri kome gudun da mutum ya yi. Matuƙin da ya ɗauki tauraro a matsayin jirgi zai ga in ya bi shi ba ya cim masa, in ya juya kuma yana nan biye da shi. Bugu da ƙari, idan jirgi ya ratsa hadari, wutar lantarki takan taru a jikinsa har a ga wani shuɗin harshen wuta yana rawa a bakin fikafikai.

Laftana George Gorman ya gamu da irin wannan ran 1 ga watan Oktoba na 1948, a saman garin Fargo na Jihar Dakota ta Arewa. Ya yi minti 27 yana fafatawa da wata 'yar farar fitila, yana kai mata bara tana zillewa, har sau ɗaya ya ga kamar za su yi karo. Da aka bincika sai aka tarar ofishin duba yanayi na garin ya saki balan-balan mai fitila 'yan mintoci kafin nan. Hukuma ta yanke cewa duk zilliyar da ya gani, juye-juyen jirginsa ne da kansa.

ABIN DA GWAMNATI TA ƁOYE

Daga 1948 mayaƙan saman Amurka suka kafa ofishin tattara waɗannan rahotanni a sansanin Wright-Patterson na Jihar Ohayo. Ofishin ya sake suna sau biyu, na ƙarshe shi ne Blue Book, watau Shuɗin Littafi, wanda ya yi aiki daga 1952 har aka rufe shi a watan Disamba na 1969. An tattara rahotanni 12,618. Daga ciki an gano asalin duka in ban da 701. Taurari ne, da balan-balan, da jiragen sama, da tsuntsaye, da gajimare, da tauraro mai wutsiya.

Masanin taurarin da ya yi wa ofishin aiki shekara da shekaru, Dokta J. Allen Hynek, ya fara aikin yana mai ƙaryatawa, daga baya ya koma yana ganin akwai abin bincike a ciki. Duk da haka, da ya tace takardun ya tarar matuƙan jirage, har da na soja, suna yawan kuskuren gane abin da suka gani. Wannan ba abin mamaki ba ne. An horar da mayaƙin sama ya ɗauki duk abin da ya gifta a matsayin abokin gaba, ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido, domin wanda ya tsaya nazari shi ake harbowa. Horon da ke tsare ransa a fagen fama shi ne ke sa shi gaggawar fassara.

Wani ɓangaren ruɗanin kuwa gwamnati ce ta haddasa shi da gangan. A shekarar 1997 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fitar da wani tarihi da ma'aikacinta Gerald Haines ya rubuta, inda ta ce fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 jiragenta ne na leƙen asiri, U-2 da wanda ya gaje shi. U-2 yana hawa sama da ƙafa 60,000, a lokacin da jiragen fasinja ba su cika wuce ƙafa 20,000 ba. Da magariba, bayan rana ta faɗi ga wanda ke ƙasa, shi yana can sama hasken rana yana dukan fikafikansa masu launin azurfa, sai a gan shi kamar wuta. Jami'ai sun san ko mene ne, amma sai su ce wa jama'a ƙanƙarar sama ce ko wani sauyin iska. Wasu masu bincike suna ganin hukumar ta cika baki a wannan lissafi, amma ba a musun cewa an yi ɓoyon. Wannan ne ya sa har yau mutane da yawa ba sa yarda da bayanin hukuma ko da ta faɗi gaskiya.

NA'URA MA TAKAN RUƊE

Mai karatu zai ce to, ido ya yi kuskure, ina na'urori? Amsar ita ce su ma ba su tsira ba. Ran 19 ga watan Satumba na 1976, cikin tsakar dare, mutanen birnin Tehran suka yi ta kiran hukuma a kan wani haske mai ƙarfi. Mayaƙan saman Iran suka tashi jirgin Phantom daga sansanin Shahrokhi. Da ya matso sai rediyonsa da na'urorinsa suka ɗauke, ya juya. Aka tashi na biyu, Parviz Jafari yana tuƙi. Ya ce na'urarsa ta hango jirage, wadda ake kira rada, ta kama wani abu mai girman jirgin Boeing 707, sa'an nan wani ɗan haske ya fito daga jikinsa ya nufo shi, da ya yi niyyar sakin makami mai linzami sai allon makaman ya mutu. Wani ɗan jaridar harkokin jiragen sama na Amurka, Philip Klass, ya bi diddigin maganar ya ce hasken Mushtari ne, ɗaya daga cikin jiragen kuma dama yana da tarihin lalacewar lantarki. Jafari kuwa, wanda ya kai muƙamin Janar, ya je Washington a 2007 ya sake maimaita labarinsa bai sauya kome ba.

Na ƙasar Meziko ya fi sauƙin warwarewa. Ran 5 ga watan Maris na 2004 wani jirgin soja mai farautar masu fataucin miyagun ƙwayoyi a Jihar Kampece ya ɗauki hoton fitilu 11 da kyamarar da ke ganin zafi, ma'aikatan jirgin suna cewa an kewaye su. Ma'aikatar tsaro ta ba da hoton, duniya ta ɗauka. Da masana suka auna inda kyamarar ta fuskanta, sai layin ya faɗa kan rijiyoyin mai na Cantarell da ke cikin teku, inda ake ƙona iskar gas dare da rana. Duk wanda ya taɓa ratsa yankin Neja-Delta da dare ya san irin wannan wuta da yadda ake hango ta daga nesa.

Haka kuma a ƙasar Chile, wani jirgi mai saukar ungulu na mayaƙan ruwa ya ɗauki hoton wani baƙin abu yana fesar da hayaƙi ran 11 ga watan Nuwamba na 2014. Kwamitin gwamnati ya yi shekara 2 yana nazari, ya ce ya kasa ganewa. Da aka saki hoton a watan Janairu na 2017, cikin 'yan kwanaki masu bincike a intanet suka gwada shi da jadawalin tashin jirage, suka tarar jirgin fasinja ne na kamfanin Iberia wanda ya tashi daga Santiyago zuwa Madrid.

WANDA YA GAGARA

Ba za mu yi wa mayaƙan sama adalci ba idan muka ce an warware kome. Ran 14 ga watan Nuwamba na 2004, a tekun Fasifik daura da San Diyego, Kwamanda David Fravor ya tashi daga kan ƙaton jirgin ruwan nan mai ɗaukar jiragen yaƙi, Nimitz, tare da wani jirgin da Laftana Alex Dietrich take tuƙawa. Jirgin ruwan yaƙi Princeton, wanda ya yi kwanaki yana ganin wasu baƙin alamu a na'urarsa, ya tura su su dubo. Da rana ce, sama garau. Su huɗun da ke cikin jiragen biyu suka ga ruwa yana kumfa, a samansa kuma ga wani farin abu mai siffar ƙwayar magani, tsawonsa kamar ƙafa 40, ba fiffike, ba hayaƙi. Fravor ya ce da ya gangaro sai abin ya taso yana kwaikwayon kewayensa, da ya yanko masa hanya kuma sai ya ɓace. Wani matuƙin da ya tashi bayansu ya ɗauko hoton wani abu da kyamarar jirginsa.

Jaridar New York Times ce ta fasa ƙwan a watan Disamba na 2017, kuma ran 27 ga watan Afrilu na 2020 ma'aikatar tsaron Amurka ta saki wannan hoto da wasu 2 na shekarar 2015, ta ce na gaskiya ne. Ɗaya daga cikin na 2015 yana nuna wani ɗan abu kamar yana tsala gudu dab da ruwa. Da ofishin ma'aikatar ya yi lissafi da alƙaluman da ke jikin hoton, ya ce abin yana can sama wajen ƙafa 13,000, kuma gudun jirgin mai ɗaukar hoton ne ya sa aka ga kamar yana gudu, kamar yadda fasinjan jirgin ƙasa yake ganin itatuwa suna gudu baya. Na Fravor kuwa hukuma ba ta ba da bayanin da ya rufe shi ba. Abin lura shi ne, ko shaidun nan biyu, waɗanda babu mai zarginsu da ƙarya, sun saɓa: shi ya ce ya yi kamar minti 5 yana kallon abin, ita kuwa ta ce abin da ta gani bai wuce daƙiƙa 10 ba.

A watan Yuni na 2021 ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka ya ba majalisa rahoto a kan al'amura 144, ya ce guda ɗaya kawai ya tabbatar, wata balan-balan ce mai sacewa, sauran kuwa bayanan da aka tara ba su isa a yanke hukunci ba. A watan Maris na 2024 sabon ofishin da ma'aikatar tsaro ta kafa domin wannan aiki ya ce ya bi takardun gwamnati tun daga 1945, bai sami wata shaida ko ɗaya ba ta cewa wasu halittu daga wata duniya sun zo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Cewa ba a gane abu ba, ba daidai yake da cewa an gane baƙi ne daga sama ba.

ILLAR YIN SHIRU

A cikin rahoton nan na 2021 akwai wani adadi da ya fi sauran muhimmanci: sau 11 matuƙa suka ce saura ƙiris su yi karo da abin da ba su gane ba. Laftana Ryan Graves, wanda ya tuƙa jirgin yaƙi a gaɓar Jihar Bajiniya a shekarun 2014 da 2015, ya shaida wa majalisar Amurka ran 26 ga watan Yuli na 2023 cewa bayan an sabunta musu na'urar rada sun riƙa ganin irin waɗannan abubuwa a kai a kai, amma yawancin matuƙa ba sa kai rahoto don gudun a yi musu dariya, ko a ce sun sami taɓin hankali a hana su tashi. Sai a 2019 mayaƙan ruwa suka tsara musu hanyar kai rahoto ba tare da fargaba ba.

Amfanin wannan ya fito fili a watan Fabrairu na 2023, sa'ad da wata ƙatuwar balan-balan ta ƙasar Sin ta ratsa Amurka daga wannan gefe zuwa wancan, har jirgin F-22 ya harbo ta a teku daura da Jihar Karolina ta Kudu ran 4 ga watan. Amurka ta ce ta leƙen asiri ce, Sin ta ce ta duba yanayi ce iska ta kwashe ta. Sojan Amurka suka amsa cewa irinta sun sha wucewa a baya ba a lura ba, domin an saita na'urorin su yi watsi da duk abin da ke tafiya a hankali. Da aka gyara saitin, sai aka koma ɗaya gefen: cikin kwana 3 aka harbo wasu abubuwa 3, da makamai masu linzami waɗanda kowanne ya kai kimanin dala 400,000. Daga baya Shugaba Joe Biden ya ce da alama balan-balan ne na kamfanoni ko na masu bincike, ba su da wata illa.

Sararin sama kuwa sai ƙara cika yake yi. Dubban taurarin ɗan Adam na kamfanin Starlink suna kewaya duniya, kuma an tabbatar cewa ƙyallin rana a jikinsu shi ne wasu fitilun da matuƙa suka riƙa gani suna kunnuwa suna mutuwa a gefen sama tun daga 2022. Ga kuma ƙananan jirage marasa matuƙi waɗanda ake saye a kasuwa.

Saboda haka abin da ya kamaci kowace rundunar mayaƙan sama, ko ta wace ƙasa ce, abu biyu ne. A koya wa matuƙi cewa idonsa yana iya yaudararsa, don kada ya bi haske har inda numfashinsa zai ƙare. A kuma saurare shi da mutunci idan ya sauko ya ce ya ga abin da bai gane ba, a rubuta lokaci da wuri da jiha, a adana abin da na'ura ta ɗauka, domin wata rana abin da ya gani ɗin na abokan gaba ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Da wani a hasumiyar Godman ya san da shirin Skyhook a ranar nan ta Laraba, da kalma ɗaya ta rediyo ta isa ta mai da Kyaftin Mantell gida wurin iyalinsa.